Daga Farar Ɗamara Zuwa Baƙa: Dabaru da Atisayen Jarrabawar Takwando a Abuja

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa da zaman banza gara aikin kishiya. A ranar 14 ga Fabrairu, 2022, malaman jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wato wata takwas cur. Da na ga zaman gida ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na tattara 'yan komatsaina na tafi wurin yayana da ke zaune a Kubwa, a Abuja. Wata ranar Asabar ya aike ni in raka ɗansa ɗan shekara tara zuwa wani zauren motsa jiki inda ake koya musu takwando. Ina zaune a benci sai na ji yara kusan talatin sun haɗa baki suna cewa: "Hana! Dul! Set! Net!" Kunnen ɗalibin harshe ba ya jin irin wannan ya yi shiru. Na shiga ne don in gano abin da suke faɗa, ban ankara ba sai ga ni cikin fararen kaya, na ɗaura farar ɗamara, ina layin ƙarshe bayan 'yan firamare.

Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda ake jarrabawar ƙarin matsayi a wannan wasa, da abubuwan da alƙalai ke dubawa, da kuma atisayen da ke kai mutum ga nasara. Ba daga kan benci nake magana ba, domin na taɓa faɗuwa wannan jarrabawa, kuma abin da ya fara kayar da ni baƙi ɗaya ne tak a ƙarshen wata kalma.

2.0 Mene ne takwando?

Takwando wasan kare kai ne na ƙasar Koriya. Sunan haɗin kalmomi uku ne: tae, wato ƙafa ko shuri, kwon, wato dunƙulen hannu, da do, wato hanya ko tafarki. Ke nan ma'anarsa tafarkin ƙafa da hannu. Ya samo asali ne daga makarantun faɗa da aka buɗe a Seoul bayan ƙarshen mulkin mallakar Japan a 1945, kuma akwai tasirin karate a cikinsa. A 1955 aka laƙaba masa wannan suna, inda Janar Choi Hong Hi ya taka muhimmiyar rawa. A 1972 aka gina cibiyar Kukkiwon a Seoul, wadda ke ba da takardar shaidar baƙar ɗamara, sannan a 1973 aka kafa hukumar wasan ta duniya. An nuna shi a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, ya zama cikakken wasan lambar yabo a Sydney a 2000.

Mu ma ba 'yan kallo ba ne. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya tagulla a Beijing a 2008. Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar ya ciyo azurfa a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a garin Muju na Koriya ta Kudu a 2017. Elizabeth Anyanacho, wadda Chukwumerije ya horar, ta wakilci Nijeriya a gasar Tokyo da ta Paris. A Abuja kuwa, Cibiyar Al'adun Koriya da aka buɗe a 2010, wadda ita ce irinta ta farko a Afirka, ta haɗa koyar da harshen Koriya da takwando. Bayan ita akwai zaurukan babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, da ƙananan kulob-kulob a makarantu da unguwanni. A irin waɗannan ƙananan ne na koya.

3.0 Matakan ɗamara

Ɗan damben da ke fita a Dei-Dei ba ya buƙatar takarda. Kisan da ya yi a fili da kirarin da makaɗa suka yi masa su ne shaidarsa, sunansa kuma shi ke nuna gidan da ya fito: shagon wane, autan wane, bahagon wane. A takwando kuwa, a ƙugu ake karanta matsayin mutum. Wannan tsari an aro shi ne daga wasan judo, wanda wani Bajapane mai suna Jigoro Kano ya kafa a 1882. Kada mai karatu ya yi murna, babu abin da ya haɗa shi da Kanon Dabo.

Matakan kashi biyu ne. Na ƙasa ana kiran su geup, kuma ƙirgarsu da baya-da-baya take: sabon shiga yana geup na 10, yana saukowa har na 1. Launukan da aka fi amfani da su su ne fari, rawaya, kore, shuɗi da ja, tsakanin kowane biyu kuma akan liƙa zirin launi na gaba a bakin ɗamara. Akan koya wa ɗalibi cewa fari rashin sani ne, rawaya ƙasar da aka yi shuka, kore tsiro, shuɗi samaniyar da tsiron ke nufa, ja kuma gargaɗi, domin mai shi ya sami ƙarfi amma bai gama mallakar kansa ba. Matakan sama su ne dan, na masu baƙar ɗamara, daga 1 zuwa 9. A tsarin Kukkiwon, yaron da bai kai shekara 15 ba ana ba shi poom ne, mai ɗamara rabi ja rabi baƙi. Daga dan na 1 zuwa na 2 sai an jira aƙalla shekara ɗaya, daga na 2 zuwa na 3 shekara biyu, haka abin yake ƙaruwa. Jarrabawar geup kuwa kowane kulob da tsarinsa. A namu duk bayan kamar wata biyu ake yi, kuma akwai kuɗin da ake biya.

4.0 Harshen fili

A nan ne ɗalibin harshe ya fi kowa riba. Duk umarnin da ake bayarwa da harshen Koriya ne, ko a Abuja ko a Maraɗi ko a Amurka. Ga waɗanda ba makawa sai an sani: charyeot, ƙame, gyeongnye, gaisuwa, junbi, shirya, sijak, fara, baro, koma yadda kake, geuman, tsaya, swieo, huta. Zauren ana ce masa dojang, kayan kuma dobok, duka biyun da do ɗin nan ta takwando a goshinsu. Malami sabeom ne, a liƙa masa nim a ƙeya don girmamawa.

Yawancin ɗalibai hadda suke yi wa sunayen dabarun, kamar aku. Ni kuwa da na lura cewa kusan duka suna ƙarewa da gi, sai na gane ɗafa-ƙeya ce mai mayar da aikatau suna. Chada shura, chagi shuri. Makda tare, makgi tarewa. Jireuda nausa, jireugi naushi. Seoda tsaya, seogi tsayuwa. Wato dai suna ɗan aikatau ne irin wanda muke karantawa a ƙirar kalma. Abu na biyu, a harshen Koriya mai bayani ne ke zuwa kafin wanda ake bayyanawa, saɓanin Hausa. Mu muna cewa shurin gaba, su suna cewa ap chagi, wato "gaba shuri". Da zarar ka riƙe ap gaba, yeop gefe, dwi baya, dollyeo kewayawa, arae ƙasa, momtong gangar jiki, eolgul fuska, to kai da kanka za ka gina sunaye da dama ba tare da an gaya maka ba. Arae makgi tarewar ƙasa, eolgul jireugi naushin fuska, yeop chagi shurin gefe.

Sai ƙirga. Suna da jeri biyu. Na gida shi ne hana, dul, set, net, daseot, yeoseot, ilgop, yeodeol, ahop, yeol, kuma da shi ake ƙirga motsi. Na aro daga Sinanci shi ne il, i, sam, sa, o, yuk, chil, pal, gu, sip, da shi ake kiran matsayi da lambar darasi. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, tunda mu ma daga ɗaya zuwa goma namu ne, amma ashirin, talatin, arba'in har tis'in daga Larabci muka aro, muka ajiye gomiya biyu da gomiya uku.

Ta fuskar furuci, matsalarmu biyu ce. Kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa, don haka bakinmu kan saƙala wasali, a ji mutum ya ce "sijaki", ko ya mayar da p ta koma f ya ce "af cagi". Sannan za ka ga kalma ɗaya an rubuta ta geup, gup ko kup. Dalili shi ne harshen yana da nasa rubutu, Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443, kuma yana bambanta baƙaƙe uku inda boko ke da biyu: bul wuta, pul ciyawa, ppul ƙaho. Mu da muke bambanta kara da gara da ƙara mun san irin wannan aiki. Rubutun da na bi a nan ya fi kusa da wanda gwamnatin Koriya ta Kudu ta fitar a 2000.

5.0 Abubuwan da ake jarrabawa da atisayensu

5.1 Tsayuwa

Alƙali ƙafa yake fara kallo kafin hannu. Ap seogi gajeriyar tsayuwa ce, tamkar mai tafiya da aka ce ya tsaya a tsakiyar taku. Ap gubi doguwa ce: gwiwar gaba a lanƙwashe, ƙafar baya a miƙe, diddigenta a ƙasa, kashi biyu cikin uku na nauyin jiki a gaba. Dwit gubi kishiyarta ce, nauyin yana baya, ƙafafun sun yi kusurwa kamar harafin L. Juchum seogi kuwa zaman mahayin doki ne ba tare da doki ba.

Atisaye: ka ja layi biyu da alli, ko ka bi layin tayil, ka yi taku goma gaba da goma baya cikin ap gubi, kowace ƙafa a kan layinta. Idan ƙafafun suka hau layi ɗaya, ɗan turi kaɗan zai kayar da kai. Ka ɗora littafi a ka, domin kai bai kamata ya riƙa hawa da sauka ba. Don ƙarfin cinya, ka zauna cikin juchum seogi kana naushi kana ƙirga daga hana zuwa yeol, sau biyar. Da dutse ɗaya ka jefi tsuntsu biyu, ga cinya ga ƙirga.

5.2 Tarewa da naushi

Kowace tarewa tana da mafari da hanya da matsaya. A arae makgi, hannun da zai tare yana farawa daga kafaɗar ɗaya gefen, ya gangaro ya tsaya sama da gwiwa da tazarar kamar dunƙule biyu. Naushin gangar jiki ƙahon zuciya yake nufa, dunƙulen kuma yana juyawa ne a ƙarshen tafiyarsa. Sirrin da sabon shiga ke mantawa shi ne ɗaya hannun. A dambe hannu ɗaya mashi ne ɗaya garkuwa, amma a nan yayin da ɗaya ke fita, ɗayan yana komawa ƙugu da irin wannan saurin, kamar mai jan guga biyu a kan ƙarfe ɗaya. Wannan ja shi ke juya kwankwaso, kuma daga kwankwaso ƙarfin yake fitowa, ba daga damtse ba.

Atisaye: a gaban madubi, ka yi kowace tarewa sau goma a hankali ƙwarai, sannan sau goma da sauri. Ka kasa kunne: saukar ƙafa da tsayawar hannu su zo lokaci guda. In ka ji ƙafa ta riga, ka sake.

5.3 Shuri

Shi ne adon takwando. Kowane shuri gaɓa huɗu ne: ɗaga gwiwa, harba ƙafa, janyo ta, sannan ajiye ta. Ragon ɗalibi gaɓa biyu yake yi, ya wurga ƙafa ya bar ta ta faɗo, kuma alƙali daga nesa yake gane shi. A ap chagi ana lanƙwasa yatsu sama a doka da tudun da ke ƙarƙashinsu. A dollyeo chagi, wato shurin kewaye, da bayan ƙafa ake duka, kuma dole ƙafar da ke ƙasa ta juya a kan tudun yatsu har diddigenta ya kusa kallon abin da ake duka. Wanda bai juya ba gwiwarsa ce za ta murɗe, ciwon kuma ya daɗe. A yeop chagi da diddige da kaifin ƙafa ake duka, kafaɗa da ƙugu da diddige a layi ɗaya.

Atisaye na farko: ka dafa bango, ka yi shurin da ƙirga huɗu, kana tsayawa daƙiƙa biyu a kowace gaɓa, sau goma kowace ƙafa. Na biyu: ka ajiye bokiti a gabanka ka yi shuri ta samansa, zuwa da dawowa. In ka taɓa shi, gwiwarka ba ta tashi ba. Ni bokitin wankin matar yayana na yi ta amfani da shi har ya tsage. Na uku: ƙafar da ba ka saba da ita ba, ka ninka mata adadin. Kada kuma ka yi kwaɗayin tsawo. Tsaftataccen shuri a ƙugu ya fi karkataccen shuri a ka maki. Miƙa jijiyoyi kuwa sai bayan jiki ya yi ɗumi, musamman da sanyin safiyar hunturu.

5.4 Poomsae

Wannan shi ne zuciyar jarrabawa. Poomsae jerin motsi ne da aka tsara, wanda mutum ke yi shi kaɗai kamar yana faɗa da abokan gaba da ba a gani. Masu geup suna da guda takwas da ake kira Taegeuk, daga il jang zuwa pal jang, kuma kowanne an danganta shi da wani abu: sama, tafki, wuta, tsawa, iska, ruwa, dutse, ƙasa. Kowanne yana kawo sabon abu. Na 3 ke shigo da dwit gubi, na 4 shurin gefe, na 5 bugun gwiwar hannu, na 6 shurin kewaye, na 7 tsayuwar damisa, na 8 shuri da tsalle. Sawun da mutum ke bari a ƙasa kuwa layi uku ne a kwance da ɗaya a tsaye da ya ratsa su, kamar harafin Sinanci mai nufin sarki. Saboda haka inda ka fara nan ya kamata ka ƙare. Mai baƙar ɗamara na farko kuma Koryo yake yi.

Il jang motsi 18 ne. Ka juya hagu ka tare ƙasa, ka taka ka yi naushi. Ka juya dama ka maimaita. Ka fuskanci gaba cikin doguwar tsayuwa ka tare ka yi naushi. A layi na biyu tarewar gangar jiki ce, a na uku tarewar fuska da shurin gaba, sannan ka juyo gida ka rufe da naushi da kihap, wato tsawar da ke fitowa daga ciki ba daga maƙogwaro ba. Ashe dai kamar waƙa take mai baiti da amshi: abin da hagu ya faɗa, dama ta maimaita.

Atisaye: ka liƙa alama inda ka tsaya ka ga ko za ka dawo kanta. Ka yi ta kana fuskantar gabas, sannan yamma, kudu da arewa, domin da yawa ba motsin suka haddace ba, taga da ƙofar zaurensu suka haddace. Ka yi ta ido a rufe. Ka sa wani ya kira maka lamba, alal misali ta 9, ka fara daga nan, kamar yadda malamin allo ke jawo wa gardi baƙi daga tsakiyar sura. Kuma kafin kowane juyi, ido ne ke fara zuwa, sannan jiki.

5.5 Karawa

Iri biyu ce. Akwai ta taku ɗaya, wadda aka riga aka tsara: abokinka ya kawo naushi ɗaya, ka kauce ko ka tare, ka rama, amma ka tsayar da hannunka dab da jikinsa. Sai gyeorugi, karawar sake, da sulken ƙirji da hular kariya. A dokokin da aka bi a gasar Paris ta 2024, naushin gangar jiki maki 1 ne, shurin gangar jiki 2, shurin kai 3, in da juyi aka yi su kuma 4 da 5, naushin fuska kuwa haramun ne. Sai dai a jarrabawa ba wanda ya fi duka ake nema ba. Ana duba tazara, da motsin ƙafa, da haɗa dabara biyu ko uku a jere, da uwa uba kamun kai. Babban da aka haɗa da yaro ya nuna masa ƙarfi ya faɗi ko da bai sha duka ko ɗaya ba.

Atisaye: ku tsaya biyu ba duka, in ya matso taku ɗaya ka ja da baya taku ɗaya, in ya ja ka bi, minti biyu. Bayan nan ɗaya ya riƙe matashin duka yana ɗaga shi ba zato, kai kuma ka doka nan take. Hannu kada ya sauka, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5.6 Fasa katako da tambayoyi

A manyan matakai akwai gyeokpa, wato fasa allon katako. Allon yana tsagewa ne ta bin jijiyarsa, don haka sai an riƙe shi daidai, masu riƙon kuma su ƙame gwiwar hannu. Ka nufi bayan allon, ba fuskarsa ba. Wanda ya ji tsoro ya rage gudu shi ne ke jin zafi, saboda allon bai karye ba, ƙarfin ya dawo masa. Daga nan sai tambayoyin baka, kuma ba a cika rasa ɗabi'u biyar na takwando a ciki ba: ladabi, riƙon gaskiya, juriya, kamun kai da rashin karaya. Kalmar da suke fassarawa da riƙon gaskiya, yeomchi, ainihinta jin kunyar aikata abin da bai dace ba ne. Duk wanda ya karanta bayanin Kirk-Greene na 1974 a kan mutumin kirki zai ga ladabi da kunya da haƙuri da gaskiya sun riga su zuwa ƙasar Hausa.

6.0 Ranar da na faɗi

A watan Satumba na shiga jarrabawar neman koriyar ɗamara. Yayana ne ya biya kuɗin, nawa da na ɗansa, a lokacin da shi ma yake lissafin kuɗin makaranta. An kawo alƙali daga wani kulob, mai magana ƙasa-ƙasa, ga ruwan sama yana dukan kwanon zauren. Ya jera mu mu shida ya ce, "Taegeuk i jang." Ni kuwa "il jang" na ji. Da ma an gaya mana yana iya tambayar kowane darasi na baya, don haka ban yi shakka ba.

Abin takaicin shi ne darussan biyu da motsi iri ɗaya suke farawa: juya hagu, tare ƙasa. A na biyu na yi gajeren taku, sauran suka yi dogo, na ɗauka su ne suka yi kuskure. A motsi na biyar, ina ƙasa cikin doguwar tsayuwa, na ga kowa a tsaye yana tare gangar jiki. Gabana ya faɗi. Na tsaya cak, hannu a sake, ina kallon na kusa da ni har suka gama. Da aka kira sakamako, ɗan yayana ya samu, ni babu sunana. A mota ya ce, "Baffa, kada ka damu, zan koya maka." Ban san wanda ya fi zafi ba, faɗuwar ko tayin.

Da daddare na ce wa yayana, "Yaya, kuɗinka sun tafi a banza." Ya ce, "Kai da kake karantar harshe, harshe ne ya kayar da kai? To ka koma. Amma na biyu daga aljihunka." Washegari malaminmu, wanda ya tashi a Jos yana jin Hausa kamar jakin Kano, ya kira ni gefe ya ce, "Ɗan makaranta, ba rashin ji ne ya kayar da kai ba, tsayawar ce. Da ka ƙarasa wanda ka fara da ƙarfinka, da ya ce ka sake. In ba ka ji ba, ka ɗaga hannu ka tambaya kafin a ce sijak. Bayan an ce sijak kuma, babu tsayawa."

Daga baya na gano cewa su kansu 'yan Koriya il da i na rikita su, har masu harba igwa a sojansu sukan ce hana da dul a maimakonsu don gudun kuskure. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, amma bai dawo da kuɗin ba. Na sayar da tsohuwar wayata, na yi mako uku ina atisayen fuskoki huɗu a tsakar gida, ɗan yayana yana kiran sunan darasi daga bayan ƙofa, wani lokaci da rediyo a kunne. A farkon Oktoba aka sake gwada ni, na samu. Mako biyu ba su cika ba aka janye yajin aiki.

7.0 Makon jarrabawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. A makon ƙarshe kada ka koyi sabon abu, ka goge wanda ka iya, ka rage nauyin atisaye kwana biyu kafin ranar, ka yi barci sosai. Ka yanke farce, ka cire zobe da agogo, ka wanke kayanka, ka ɗaura ɗamara yadda bakunanta biyu za su yi daidai. Ka ci abinci mara nauyi kamar awa uku kafin lokaci, ka riƙe ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Mai zuwa daga Kubwa ko Nyanya ya san halin hanya, ya yi sammako. Idan jarrabawa ta faɗo cikin azumi, a nemi a mayar da ita bayan shan ruwa, kamar yadda muka mayar da atisayenmu a Afrilun 2022. Haka nan rusunawar gaisuwa tana damun wasunmu saboda kamarta da ruku'u. Ni tun makon farko na yi wa malaminmu magana, ya amince in dafa ƙirji in ɗan sunkuyar da kai. Irin wannan magana tun da wuri ake yin ta, ba a gaban alƙali ba.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga asalin takwando, da matakan ɗamararsa, da harshen da ake amfani da shi a fili, da abubuwan da ake jarrabawa tare da atisayen kowanne. Abin da ya rage mana mu ɗaliban Hausa shi ne aikin da ke gabanmu. Yaran da ke koyon wannan wasa a Kano da Katsina da Maraɗi suna jin umarni da harshen Koriya, bayani kuma galibi da Ingilishi ko Faransanci, alhali muna da shuri da naushi da tarewa da tsayuwa da ɗamara. Wanda ke neman batun kundin kammala digiri zai iya tattara waɗannan kalmomi, ya kwatanta su da na dambe da kokawa, ya fitar da ɗan ƙamus da masu koyarwa za su amfana da shi. Ni dai har yanzu koriyar ɗamarar tana cikin akwatina a ɗakin kwanan ɗalibai, ɗan yayana kuwa ya wuce ni da nisa, kuma duk hutun da na je sai ya tsayar da ni a tsakar gida ya duba tsayuwata. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ta aji da ta fili, amin.